Momoe Yamaguchi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tauraruwar Japan da Ta Ajiye Makirufo Tana da Shekara 21

Wace ce Momoe Yamaguchi?

Mawaƙiya ce kuma jarumar fim 'yar ƙasar Japan, an haife ta a Tokyo ranar 17 ga Janairu 1959. Ta fito da waƙarta ta farko a watan Mayu 1973, ta yi ban kwana da dandamali a watan Oktoba 1980. Shekara bakwai ke nan da 'yan watanni. A ɗan wannan tsakani ta saki waƙoƙi sama da 30 a kan ƙananan faya-fayai, ban da kundaye, ta ja ragamar fina-finai fiye da goma, ta kuma fito a jerin wasannin talabijin da suka riƙa tsayar da mutane a gida. Daga nan ta yi aure, ta rufe ƙofa, kuma har yau ba ta sake buɗewa ba.

Daga wane irin gida ta fito?

Ba gidan daɗi ba. A Yokosuka ta tashi, wani gari na bakin teku a kudu da Tokyo inda sojojin ruwan Amurka ke da babban sansani. Mahaifinta yana da wata matar da iyalinsa, kuma babu aure tsakaninsa da mahaifiyarta, don haka uwar ce ta riƙe ta ita da ƙanwarta. Kuɗi sun yi ƙaranci a gidan har sai da Momoe ta yi aikin raba jaridu tana 'yar makaranta.

Wannan tushe yana da muhimmanci, domin duk wanda ya kalli hotunanta na farko zai lura da abu guda: yarinyar ba ta cika murmushi ba. Tsararrakinta suna fara'a har kunne, ita kuwa tana kallon kyamara kamar mai jiran a gama a sallame ta.

Yaya aka gano ta?

Ta hanyar wani shirin gasar waƙa na tashar Nippon TV mai suna Star Tanjo!, wato haihuwar tauraro. Tsarin shirin yana da ban mamaki. Yara za su yi waƙa a gaban alƙalai, wanda ya kai zagayen ƙarshe sai a tsayar da shi a gaban wakilan kamfanonin waƙa da na dillancin taurari. Duk kamfanin da yake so sai ya ɗaga allo mai ɗauke da sunansa. Kamar dai ciniki a kara, sai dai a nan 'yar mutum ce a tsaye tana jiran ta ga ko za a taya. A ƙarshen 1972, tana da shekara 13, Momoe ta tsaya a wannan wuri, kamfanoni 20 suka ɗaga allo. Ta shiga hannun kamfanin Horipro, faya-fayanta kuma CBS Sony ke bugawa, a ƙarƙashin furodusa Masatoshi Sakai.

Wasu 'yan mata biyu, Masako Mori da Junko Sakurada, su ma daga shirin suka fito, kuma dukansu a shekarar karatu ɗaya suke. 'Yan jarida suka haɗa su uku suka laƙaba musu suna da ke nufin furanni uku na aji uku na ƙaramar sakandare, duk shekara kuma sai a canja lambar ajin. A farkon tafiya Momoe ce ta baya a cikinsu. Waƙarta ta farko, Toshigoro, ba ta yi kasuwa ba.

Ana ce mata "aidoru". Me kalmar ke nufi?

Japanawa sun aro ta ne daga Turanci, kuma in aka bi ta kai tsaye sai a ce gunki, amma ba ma'anar ke nan ba. Aidoru matashi ne ko matashiya da kamfani ke ɗauka tun yana ɗanye, ya zaɓa masa waƙa, tufafi, irin maganar da zai yi a talabijin, har da irin halin da za a nuna wa jama'a cewa nasa ne. Ba ƙwarewar murya ake saye ba, kusanci ake saye: masoya su ji kamar ƙanwarsu ce ko 'yar ajinsu, suna kallon girmanta. Shi ya sa soyayya a fili ta zama abin gudu ga mai wannan sana'a. Shekarun 1970 su ne lokacin da talabijin ta kafa wannan tsari sosai a Japan, Momoe kuwa a tsakiyarsa ta faɗo.

Me ya sa waƙoƙinta na farko suka jawo ce-ce-ku-ce?

Da waƙar farko ta ƙi ci, sai manyan suka sake dabara. Waƙa ta biyu, Aoi Kajitsu, wato ɗanyen ɗan itace, ta fito a 1973, sai Hito Natsu no Keiken a 1974. Dukansu zance ne na budurwa da ke miƙa kanta ga saurayi, cikin kalmomi masu harshen damo. Mai rera su kuwa shekararta 14 zuwa 15. Faya-fayan suka sayu, sunanta ya tashi, 'yan jarida suka riƙa yi mata tambayoyin da ba su dace a yi wa yarinya ba, suna jiran su ga ta ji kunya a gaban kyamara.

Ni dai ban ga abin yabo a wannan dabara ba. Maza manya ne suka zauna suka rubuta kalmomin, suka sa a bakin ƙaramar yarinya saboda kasuwa. Abin da kawai ya cece ta shi ne yadda ta rera su: fuska a ɗaure, babu rangwaɗa, babu kashe ido. Sai waƙoƙin suka fito da wani nauyi da marubutan ba su yi niyya ba. A ƙarshen 1974 ta samu waƙarta ta farko da ta hau lamba ɗaya a jadawalin Oricon na cinikin faya-fayai a Japan, Fuyu no Iro, kuma a shekarar ta fara fita a Kohaku, gasar waƙa ta daren sabuwar shekara da tashar NHK ke shiryawa tsakanin ɓangaren mata da na maza.

Yaushe ta fara riƙe linzamin aikinta?

A 1976, tana da shekara 17. Ita da kanta ta nemi a haɗa ta da wasu ma'aurata, Yoko Aki mai rubuta baiti da mijinta Ryudo Uzaki mai tsara kiɗa. Uzaki ɗan kiɗan rok ne, shugaban ƙungiyar Down Town Boogie Woogie Band, ba irin mutanen da ake kai wa 'yar aidoru ba. Waƙar da suka yi mata, Yokosuka Story, ta ɗauki sunan garin da ta tashi, ta kuma hau lamba ɗaya.

Daga nan muryar ta sauka ƙasa, ta yi kauri, kuma macen da ke cikin waƙoƙin ta sauya. A da yarinya ce mai jiran abin da za a yi da ita. Yanzu mace ce mai auna namiji, ta gwada shi da na baya, ta gaya masa inda ya gaza. Imitation Gold ta 1977 da Playback Part 2 ta 1978 duk a wannan layi suke. Cewa mace ce ke rubuta mata baitin ya yi tasiri ƙwarai. Aki ta san abin da za ta sa a bakinta wanda ba zai zama aro ba.

Amma ba ta tsaya a tsiwa kaɗai ba, kuma a nan ne faɗinta ya bayyana. A cikin 1977 ɗin Masashi Sada ya rubuta mata Kosumosu, sunan wani fure na kaka: 'ya ce a jajibirin aurenta tana kallon mahaifiyarta tana buɗe tsofaffin hotuna, tana maimaita labari ɗaya. Ga wanda ya san wace uwa ce ta raini Momoe, waƙar tana da wuyar saurare ba tare da an yi shiru ba. A 1978 kuma Shinji Tanimura ya ba ta Ii Hi Tabidachi, wadda hukumar jiragen ƙasa ta Japan ta yi amfani da ita wajen kwaɗaita wa mutane tafiye-tafiye a cikin gida. Waƙar ta wuce talla tuni, ta koma ta bikin aure da ta yaye ɗalibai.

Gaskiya ne an hana ta ambaton sunan mota a talabijin?

Gaskiya ne. A Playback Part 2, matar da ke cikin waƙar tana tuƙa jar Porsche. NHK tashar gwamnati ce mai dokar hana tallata kaya, don haka a wani shirinta aka sa ta ce jar mota kawai. Mutane suka yi ta dariya da tsaki. Da daren Kohaku na 1978 ya zo, ita aka ba wa rufe ɓangaren mata, matsayin da aka saba ajiye wa manyan mawaƙan gargajiya, alhali shekararta 19, kuma a ranar ta rera Porsche ɗinta yadda aka rubuta.

Waƙar tana da wata dabara da ta dace da ita: ana cikin tafiya sai kiɗa ya tsaya cak, kamar an danna rikoda, a koma baya a tuno maganar da aka yi daren jiya. Duba bidiyon ka ga abin da take yi da wannan ɗan shirun. Ba ta motsi, ido kawai take ɗagawa.

Wane irin fina-finai ta yi?

Yawancinsu daga manyan littattafan adabin Japan aka ɗauko su, kamfanin Toho ke rarrabawa, ana fitar da su lokacin hutun bazara da na ƙarshen shekara. Na farko da ta ja shi ne Izu no Odoriko a 1974, labarin Yasunari Kawabata, wanda ya ci kyautar Nobel a 1968: ɗalibi ya haɗu da 'yar rawa ta ayarin masu yawon wasa a yankin Izu, suka yi 'yan kwanaki suna tafiya tare, suka rabu a tashar jirgin ruwa. Wannan rawa a Japan kamar gwajin shiga sahun manya ce, domin Kinuyo Tanaka da Hibari Misora da Sayuri Yoshinaga duk sun taka ta kafin ita. Katsumi Nishikawa ne darakta.

Sai Shiosai a 1975, daga littafin Yukio Mishima, soyayyar masunci da mai nutso a teku. Sai Shunkinsho a 1976, daga Junichiro Tanizaki, kuma shi ne wanda zan ce a fara nema. Ta fito a matsayin makauniya, 'yar masu kuɗi, malamar kiɗan gargajiya mai zafin rai da girman kai, wadda wani bara ke yi wa jagora. Da aka ƙona mata fuska da tafasasshen ruwa, ba ta son ya ga yadda ta koma, sai ya soke idanunsa da allura. Jarumar da aka san ta da ido ce aka sa ta yi fim idanu a rufe, kuma ta riƙe shi.

Na ƙarshe shi ne Koto, na darakta Kon Ichikawa, shi ma daga Kawabata, inda ta fito a matsayin tagwaye da aka raba tun suna jarirai: ɗaya a gidan attajirin tufafi a Kyoto, ɗaya tana aikin itace a dazukan Kitayama. An fara nuna shi a Disamba 1980, lokacin ta riga ta tare a gidan mijinta.

Me ya sa 'yan ƙasar Sin masu manyan shekaru suka san ta haka?

Saboda talabijin. Tashar TBS ta yi jerin wasanni da duk sunayensu ke farawa da Akai, wato ja, yawanci tare da Ken Utsui a matsayin uba. Wanda ya fi tashe shi ne Akai Giwaku, na 1975 zuwa 1976. Ta fito a matsayin Sachiko, yarinyar da haɗarin tiririn nukiliya a asibitin jami'a ya jawo mata sankarar jini. Ta kamu da son wani ɗalibin likitanci, ashe ubansu ɗaya, kuma wadda take kira gwaggo, mazauniyar Paris, ita ce ta haife ta. Duk mai kallon fim ɗin Indiya zai ji kamar a gida yake.

A 1984 aka nuna shirin a ƙasar Sin, lokacin da akwatunan talabijin suka fara shiga gidaje bayan dogon rufi. Ya karɓu fiye da misali, har teloli suka riƙa ɗinka riga mai suna rigar Sachiko, 'yan mata suna yanke gashi irin nata. Abin dariyar shi ne, a lokacin da Sinawa ke kukan Sachiko, mai rawar ta yi shekara huɗu da barin sana'ar. A Hong Kong kuma mawaƙa suka riƙa juya waƙoƙinta zuwa harshen Kanton. Anita Mui ta yi da yawa, kuma waƙar da ta ɗaga Leslie Cheung a 1983 karin waƙar ban kwanan Momoe ne aka sa wa sabon baiti.

Wane ne mijinta?

Tomokazu Miura, jarumi, ya girme ta da shekara bakwai. Sun fara haɗuwa a 1974 wajen ɗaukar tallan kamfanin kayan ƙwalama na Glico, aka sake haɗa su a Izu no Odoriko, daga nan kusan duk fim ɗin da ta ja shi ne saurayin. Shi ne ɗalibin likitancin, shi ne baran da ya soke ido. Shekara da shekaru jama'a na kallonsu suna soyayya ana raba su da mutuwa ko ƙaddara, suna kuma raɗe-raɗin ko abin ya wuce kyamara.

A watan Oktoba 1979, tana tsakiyar wasa a Osaka, ta faɗa da bakinta a gaban masoyanta cewa shi take so. Ba ta bari mujallun gulma su riga ta ba. A ranar 7 ga Maris 1980 suka sanar da baiko, ta kuma ƙara da abin da ba a zata ba: za ta bar waƙa da fim gaba ɗaya. An ɗaura aure ranar 19 ga Nuwamba 1980 a cocin Reinanzaka da ke Tokyo.

Me ya faru a daren ƙarshe?

Ranar 5 ga Oktoba 1980 ce, a zauren Budokan na Tokyo, wanda aka gina don gasar judo ta wasannin Olamfik na 1964. Ana nunawa kai tsaye a talabijin. A ƙarshen wasan ta fito cikin farar riga kamar ta amarya, ta gode wa jama'a da suka yafe mata son kanta, ta ce za ta zauna cikin farin ciki. Ta rera Sayonara no Mukogawa, wadda Aki da Uzaki suka rubuta mata don ban kwana, hawaye na zuba, murya na rawa amma ba ta karye ba.

Da ta gama sai ta sunkuyar da kai ta daɗe. Sannan ta durƙusa ta ajiye farin makirufon a kan dandamali, a hankali, kamar mai kwantar da jariri, ta juya ta tafi. Ba ta miƙa wa kowa ba, ba ta mayar da shi kan sandarsa ba. Kyamara ta tsaya a kansa shi kaɗai a ƙasa. Har gobe in wani ɗan wasa ko mawaƙi a Japan ya ajiye kayan aikinsa a fili ranar ritaya, da ita ake kwatanta shi.

Tilasta mata aka yi ta bari saboda aure?

Mai karatu Bahaushe zai yi wannan tambaya da wuri, domin mun saba gani a Kannywood: jaruma ta yi aure, an daina ganinta, wani lokaci kuma in zaman bai yiwu ba ta dawo. A Japan ta 1980 ma abin da aka saba ke nan ga mata ma'aikata, a yi aure a ajiye aiki. Shi ya sa wasu mata masu fafutuka suka ji haushi. A ganinsu ga macen da ta fi kowace samun kuɗi da suna, mai rera waƙoƙin tsayawa da ƙafa, ta koma kicin, kuma za a riƙa buga misali da ita a kan sauran.

Suna da hujja, ban musa ba. Sai dai abin da ita ta faɗa, ta kuma rubuta, shi ne shawarar tata ce, kuma babu mai riba a tafiyarta: kamfani ya rasa babbar hanyar kuɗinsa, mijin kuma ya shiga shekaru masu wuya, ana kiransa mijin Momoe, masu kyamara sun yi sansani a ƙofar gidansa. In aka dubi tafiyar tun daga farko, yarinya ce da ta fara aiki tana 14 don ta ɗauke wa uwarta nauyi, wadda ba ta taɓa zama a gida mai uba da uwa ba. Ta zaɓi marubutanta tana 17, ta sanar da soyayyarta da kanta tana 20. Barin da ta yi tana 21 ya fi kama da ci gaban wannan hali fiye da karyewarsa. Ko hakan ya dace da wata macen, wannan magana ce daban.

Ta rubuta littafi?

Ta rubuta, Aoi Toki, ya fito a Satumba 1980, wata guda kafin wasan ƙarshe, ya kuma sayu sama da kwafi miliyan. Ba irin littafin taurari ba ne na godiya ga masoya. Ta yi maganar haihuwarta ba ta hanyar aure ba, da yadda mahaifin ya bayyana yana neman kuɗi da iko a kanta bayan ta yi suna, da yadda ta yanke alaƙa da shi. Ta yi maganar jikinta da soyayyarta ba ɓoye-ɓoye. Duk abin da mujallu za su iya tonowa bayan tafiyarta, ta riga ta shimfiɗa shi da kalmominta.

Ba ta taɓa dawowa ba ko sau ɗaya?

Ba ta dawo dandamali ba, ba ta dawo fim ba. Wannan ne ya bambanta ta da yawancin masu cewa sun yi ritaya. Gurbin da ta bari bai daɗe ba kowa: Seiko Matsuda ta fito a Afrilun 1980, Akina Nakamori a 1982.

Ta haifi 'ya'ya maza biyu. Yutaro, na 1984, mawaƙi ne, kuma a 2017 ya fitar da kundi na waƙoƙin mahaifiyarsa. Takahiro, na 1985, jarumin fim ne. Mijin ya farfaɗo ya zama ɗaya daga cikin dattawan jaruman Japan. Masu kallon fina-finan waje za su gan shi a Outrage na Takeshi Kitano da Perfect Days na Wim Wenders. Ita kuwa ta duƙufa a ɗinkin hannu, irin wanda ake harhaɗa ƙananan ƙyallaye a fitar da zane a jikin bargo. Tana kai ayyukanta baje koli da sunan Momoe Miura, kuma a 2019 aka buga littafin hotunan ɗinkunanta. Mutane suka yi rububinsa, da yawa don su ga 'yan hotunanta da ke ciki ne, ba don allura da zare ba.

In ina son in saurare ta, daga ina zan fara?

Tun 2020 waƙoƙinta suna kan manhajojin sauraren kiɗa na intanet. Kada ka fara da na 1973. Fara da Yokosuka Story, ka bi da Playback Part 2, sannan Kosumosu, ka ji murya ɗaya a wurare uku da ba su yi kama da juna ba. Bayan nan ka koma ka saurari Toshigoro don ka ji daga inda aka taso. Wasan Budokan kuma ka bar shi sai ƙarshe, ka kalle shi a bidiyo, domin a faifai ba a jin ƙarar ajiye makirufon.